Taubashina Mai Keke da Rashin Lafiyar Baba

Shekarar da na gama makarantar koyon aikin lafiya a Sakkwato ita ce shekarar da ruwa ya fara taruwa a bayan madatsar Bakolori. Aka turo ni ɗakin shan magani na Dakko, a ƙasar Bakura. Ɗaki biyu ne da baranda, da tebur guda, da kabad na magani, da risho na dafa allura. Farar riga biyu gare ni, kuma ba na fita sai na goge ɗaya da dutsen guga na gawayi. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, ina ganin duk faɗin ƙasar nan babu wanda ya san cuta kamar ni.

A garin akwai taubashina, ɗan ƙanwar babana, don can aka kai gwaggo aure. Sa'ana ne, wata biyu ne tsakaninmu. Daga aji huɗu ya bar firamare ya koma gona. Da aka fara sakin ruwa cikin kanal na noman rani, cututtuka suka yawaita, sai aka ce kowane maigari ya ba da mutum guda a koya masa aikin lafiya na 'yan makonni a Mafara. Maigarin Dakko ya ba da shi. Ya dawo da baƙin keke da akwatin ƙarfe mai ɗauke da ƙwayar masassara da auduga da aidin da bandeji. Ni ne shugabansa. Duk Asabar yakan zo in cika masa akwatin, ya gaya mini abin da ya gani a ƙauyuka in rubuta, domin rubutunsa na boko ko shi kansa ba ya iya karanta shi bayan kwana biyu. Likita yake ce mini, da irin muryar tsokana ta taubasai. Ni kuwa ba na tsawatar masa, don sunan yana yi mini daɗi.

Abin da ya fi damunmu lokacin shi ne tsargiya. Ruwan kanal yana tafiya a hankali, ƙananan katantanwa suna manne da siminti, yara kuwa sun sami wurin iyo a bakin gidajensu. Kafin a ce haka yawancin samarin ƙauyukan suna fitsarin jini. Dattawa ba su ɗauki abin cuta ba, cewa suke yaro ne ya fara zama namiji. Na tara mutane a ƙofar maigari sau uku, na kafa allo, na zana musu yadda tsutsa ke fita daga katantanwa ta huda fata. Suka saurare ni da ladabi, suka ce Allah ya ƙara sani, suka tashi. Washegari yara na cikin ruwa.

Taubashina bai zana komai ba. Ya je wajen limamin gari da yamma, ya zauna a ƙasa suka gaisa har suka gaji, sannan ya tambaye shi hukuncin sallar mai fitsarin jini, wai shi jahili ne yana neman sani. Liman ya yi bayani mai tsawo a kan tsarki. Daga nan taubashina ya ce ai rabin yaran da ke sahu a bayansa haka suke. Ranar Juma'a liman da kansa ya yi magana a masallaci. Asabar na fito na tarar da iyaye sun cika baranda, kowa riƙe da ɗansa da kwalbar fitsari.

Na yi aikin, na raba magani har hannuna ya gaji. Amma wata tsohuwa da na miƙa wa ƙwayar jikanta ba ta karɓa ba, sai ta leƙa bayana ta ce, "Ina mai keke? Shi ya gani tukuna."

Nan abin ya fara. Ranar rigakafi mata na ganin farar rigata sai su shige da yara cikin ɗaki, shi kuwa ya yi sallama daga zaure, ya tambayi lafiyar akuyar da ta haihu, ya fito da yara uku a hannu. Babban malamin lafiya ya zo daga Mafara duba aiki, ya buɗe littafina ya ga komai daidai, bai ce uffan ba. Da zai shiga mota sai ya dafa kafaɗar taubashina ya ce da akwai irinsa goma da ya huta. Ina tsaye ina murmushi. Ranar ban iya cin tuwo ba. Na riƙa lissafa shekarun da na yi ina hadda da jarrabawa, ina tambayar kaina me wannan mutumin ya sani da ban sani ba.

Ana cikin haka saƙo ya zo daga gida.

Gidanmu a ƙasar Maradun yake. Baba yana da fadama a bakin gulbi wadda ya gada wajen kakanmu, yana noma albasa da dankali da shinkafa, ga mangwaro huɗu da ya dasa da hannunsa. Ruwan dam ya hau a hankali har ya shanye ta. Aka tashe su aka mayar da su kan tudu, ƙasar tsakuwa wadda fartanya ke ƙara in ta taɓa ta. Shekarar farko Baba ya yi ƙoƙari. Ta biyu ya shuka bai nome ba. Da na isa sabon garin na same shi zaune a bayan katanga yana kallon ruwa, ya rame har hularsa ta yi masa yawa. Na durƙusa na gaishe shi. Bai amsa ba, bai ma dube ni ba. Inna ta ce wata uku ke nan ba ya magana, ba ya barcin kirki, abinci sai an matsa masa, masallaci ma ya daina zuwa, mutumin da a da shi ke buɗe ƙofa da asuba. Sau biyu an tsinto shi yana tafiya wajen ruwa, ba takalmi.

An yi rubutu, an yi hayaƙi. Ƙanin Baba ya ce iska ce, a sa masa mari a ƙafa kafin ya halaka kansa. Na ce ba za a ɗaure ubana ina raye ba. Na ɗauko shi da Inna a motar kasuwa na kawo su gidana a Dakko.

A makaranta an koya mana wannan ciwon, na san sunansa. Na kuma san cewa duk Talatar farkon wata akwai malamin jinya na masu ciwon ƙwaƙwalwa da ke zuwa asibitin Mafara daga Sakkwato, yana ganin marasa lafiya yana ba da magani. Ni da hannuna na rubuta wa mutum biyu takardar zuwa wurinsa. Amma na kasa rubuta wa Baba. Talata ranar kasuwa ce, duk ƙasar tana Mafara. Na riƙa hango abokan aikina suna wucewa suna ganin mahaifina a wannan layin. Sai na ce wa mutane ciwon ciki ne, na ajiye shi a ɗaki, ina ba shi maganin ƙarin jini da na cin abinci. Safe da yamma nakan zauna gabansa in yi ta magana. Yakan juya fuskarsa bango.

Taubashina ya zo gaida kawunsa. Ya gaishe shi, ba amsa, sai ya zauna kawai a bakin tabarma yana gyaran wayar kekensa, ya yi kusan awa guda, ya yi sallama ya tafi. Washegari ma haka. Na ce a raina ɓata lokaci ne. Rana ta biyar ina tsakar gida ina wanke hannu, ya shigo da dawa cikin hularsa, ya zube ta gaban Baba.

"Kawu, ga irin kaura na samo a kasuwar Bakura, ina son in shuka bana."

Sai na ji wata murya a shaƙe, kamar ta wanda ya tashi daga barci.

"Wagga ba kaura ba ce. Farfara ce. An cuce ka."

"Haba Kawu, mai ita har rantsuwa ya yi."

"Kai dai ba ka san dawa ba. Ubanka ma haka yake."

Baba ya yi dariya, 'yar gajeruwa, amma dariya ce. Inna ta saki muciya a madafa tana ta hamdala. Ni ina riƙe da sabulu, na san farin ciki ya kamata in yi, kuma na yi. Sai dai a ƙarƙashinsa akwai kishi. Wata guda ina zaune gaban mutumin nan, ni ɗansa na cikinsa, ko kallo ban samu ba. Taubashina ya fito ya kashe mini ido, ya ce ƙasa-ƙasa, "Na san farfara ce, Likita."

Daga ranar kullum sai ya zo. Ya share wani ɗan fili a bayan gidana, ya ce yana son koyon rainon irin albasa, kuma duk abin da ya yi sai ya yi shi ba daidai ba har Baba ya fito ya karɓi fartanya. In ya kawo fura Baba yakan sha, in ni na kawo sai ta kwana a kwano. Nakan dawo daga aiki in ji su suna hira a kan gulbi da kamun kifi da mutanen da, ina yin sallama sai hirar ta mutu. Na fara laɓewa a zaure ina sauraro kamar ɓarawo. Wata rana na ji Baba yana gaya masa yadda ya ga kan mangwaronsa na ƙarshe yana nutsewa, yana magana yana kuka. Ban taɓa ganin hawayen ubana ba, sai ga shi yana zubar da su gaban ɗan ƙanwarsa.

Sai baƙon dauro ya ɓulla a wasu ƙauyuka can ƙetaren gulbi. Akwai wani ma'aikaci irinsa da ya fi kusa da wurin, shi ya kamata in tura. Ranar Asabar na cika wa taubashina akwati, na ce ya tafi can ya zauna sai cutar ta lafa.

"To Kawu fa?" in ji shi.

"Ciwon Baba ba na hira ba ne. Aikin waɗanda suka yi karatu ne. Ka bar mini."

Ya dube ni ya daɗe. Bai yi tsokana ba, bai ce Likita ba. Ya ɗaure akwatinsa a bayan keke ya tafi.

Kwana biyu Baba yana zama a bakin ƙofa da yamma yana kallon hanya. Rana ta uku bai fito ba. Irin albasa ya bushe, na yi masa ban ruwa da kaina, a banza. Kafin mako biyu Baba ya koma bango, ya koma shiru. Wata safiya da hantsi ina cikin yi wa wani allura, sai ga mata biyu sun shigo a guje, suka ce sun je wanki sun ga tsohona zaune a bakin babban kanal, ƙafafunsa cikin ruwa, inda ruwa ke da ƙarfi kusa da ƙofar ƙarfe. Na ruga da farar rigata. Na kama shi ta baya na janye shi, jikinsa ba nauyi ko kaɗan. Muka taho gida, mutane na biye da mu, sirrin da nake ɓoyewa ya zama na gari duka.

Ni ne ɗan fari, don haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta ma cika yi mini magana ido da ido ba tun ina yaro. Ranar ta tsaya a gabana a tsakar gida.

"Na ga abin da ka yi," in ji ta. "Ɗan gwaggonka mi ya yi maka? Tahi ka ɗauko shi."

Na ari babur ɗin malamin makaranta na kama hanya.

Na same shi a wani ƙauye, a zauren maigari da suka mayar ɗakin jinya. Yara kwance a tabarmi, idanunsu jajir, yana bi yana goge musu ido yana ba su ruwa da cokali. Ya hana iyaye haɗa masu ciwo da masu lafiya, ya sa an daina ɓoye yara a ɗaki mai duhu. Shi kansa masassara ce a jikinsa, leɓɓansa sun fashe. Muka fita gindin wata bishiyar bedi. Na gaya masa abin da ya faru, sannan na ce, ba tare da na dube shi ba, ni ne na turo shi nan da gangan.

"Na sani," in ji shi. "Amma yaran nan ma suna bukatar mutum, shi ya sa ban yi gardama ba."

"Me ya sa yake yi maka magana, ni ba ya yi mini?"

"Kai ba ka gane ba? Kunyarka yake ji. Ya ce da albasar fadamar nan ya yi maka karatu, yana nufin ya bar maka ita, ga shi ya wayi gari a gidanka kana ciyar da shi. Ya ce in ya dubi farar rigarka sai ya ji shi ba kowa ba ne. Ni kuwa wa zai ji kunyata? Ko dawa ban sani ba."

Na zauna a kan saiwar bishiyar.

"Kuma bari in gaya maka gaskiya," ya ci gaba. "Hira tana sa shi ya ci abinci, amma ba ta sa shi barci. Ya gaya mini yana jin ruwan yana kiransa. Wanga ya fi ƙarfina. Tun tuni nake son in ce mu kai shi wajen malamin nan na ranar Talata, na ga ba ka son zancen. Ni ba ni iya rubuta takarda. Kai ke iyawa."

Na turo wancan ma'aikacin ya karɓe shi, na kuma aika da rahoto Mafara aka zo aka yi rigakafi a ƙauyukan da ke kewaye. Talatar farkon wata na rubuta takarda da sunan mahaifina. Muka shiga motar kasuwa mu uku, tare da buhunan barkono da awaki. A asibiti muka zauna a benci, Baba a tsakiya. Mutanen da nake tsoro duk sun wuce sun gan mu. Wani abokin karatuna ya tsaya, ya durƙusa ya gaida Baba, ya ce mini wan matarsa ma nan yake zuwa karɓar magani. Abin da na yi wata da watanni ina gudu bai wuce haka ba.

Malamin jinyar dattijo ne mai sanyin magana. Ya yi wa Baba tambayoyi, Baba yana amsawa yana kallon taubashina. Ya ba da ƙwayoyi, ya ce sai an yi makonni kafin a ga canji, kada a daina, kada a bar shi shi kaɗai. Ya tambayi wane ne yake zama da shi. Na nuna taubashina. Ya ce maganin da wannan zaman sai an haɗa su, ɗaya ba ya isa. Na ji daɗin rabin maganar, sauran rabin kuwa na haɗiye shi da ƙyar.

Barci ya fara dawo wa Baba kafin damina. Ya koma masallaci. Bai koma yadda yake a da ba, akwai ranakun da yakan wuni bai ce komai ba, amma bai sake zuwa bakin kanal ba. Da labari ya bazu, sai mutane suka fara kawo nasu da suka ɓoye: wata mata da ta daina kula jaririnta tun da ta haihu, wani magidanci da aka ɗaure shekara guda a turke. Ni ke rubuta takarda in raka su Mafara, in tabbatar ba su yanke shan magani ba. Taubashina ke bin gidajensu. Filin albasar bayan gidana ya zama wurin zaman wasu tsofaffi uku da su ma ruwa ya ci gonakinsu, Baba yana yi musu faɗa a kan yadda ake yanka kwami, wato fangalin da ake dasa albasa a ciki.

Ba zan ce kishin ya tafi ba. Na daina shiga gida da farar riga, na koyi cire ta tun daga zaure, na koyi zama shiru a bakin tabarma. Baba ya fara amsa gaisuwata, wani lokaci ya tambaye ni aiki. Amma dariyar nan ta taubashina ce, ban taɓa samun irinta ba. In na ji ta daga bayan gida sai kishin ya taso mini, ga ni da mata da 'ya'ya, ga ƙarin girma an yi mini.

Baba ya yi shekara shida bayan haka. Ciwon ƙirji ne ya ɗauke shi, cikin kwana huɗu, da hankalinsa. Ana gobe zai rasu ya sa aka kira mu mu biyu bayan la'asar. Ya ce taubashina ne zai yi masa wanka. Na sunkuyar da kai, na ji abin nan ya taso mini har a wannan lokacin, na yi ta istigfari a zuci. Sai ya juyo wajena, ya dube ni sosai, ya ce, "Kai kuma ka riƙe uwarka da ƙannenka. Na yafe maka, ka yafe mini."

Washegari taubashina ya naɗe hannun rigarsa ya yi wankan, yana yi yana kuka ba sauti. Ni na riƙe buta ina zuba masa ruwa duk inda ya nuna. Da muka dawo daga maƙabarta ya zauna kusa da ni a zaure, mutane na shigowa ta'aziyya, wasu su fara da shi wasu su fara da ni. Can wajen azahar wata mata ta aiko cewa ɗanta yana amai da gudawa tun safe. Muka dubi juna. Ya ce in zauna in karɓi gaisuwa, ni ne babba a gidan yanzu. Na ba shi makullin kabad na magani, ya tashi ya tafi.